Ranar da Wayar Hajiya Ta Daina Shiga

Har yau ban manta da wata Laraba a lokacin hutun makarantu ba, ina aiki a ofishin tafiye-tafiye a unguwar Sultana, a birnin Manzon Allah. Aikina in zauna da mai son tafiya, in bayyana masa ƙasa yanki-yanki, ya zaɓa.

Wani mutumin unguwar Ƙurban, Abdurrahman, ya kawo iyayensa zai tura su Turkiyya hutu. Na ce musu Istanbul akwai manyan masallatai da tsohuwar kasuwa. Kudu, wajen Antaliya, bakin teku ne, amma da zafi. Tsakiya, Kafadokiya, duwatsu da kogunan da aka sassaƙa a cikinsu. Arewa kuma, Tarabzon, tsaunuka kore shar, gonakin shayi, ruwan sama kusan kullum.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce, "Ɗana, zafi muna da shi, duwatsu ga na Harra nan a bayan gari. Kai ni inda ake ruwa."

Ni na ba da shawarar su je wani tafki a kan tsauni. Suka tafi Tarabzon su biyu, shi ya tsaya gida.

Ranar Larabar, bayan azahar, Abdurrahman ya shigo fuska a murtuke. "Ya akhi, tun safe nake kira, jawwal ɗin Ummi ba ya shiga. Na Baba ma haka. Ka san tana da ciwon suga."

Ƙa'idarmu ita ce a fara kiran direba, sannan otal, sannan wakilinmu na can. Wayar direba a kashe. Otal suka ce sun fita da safe, ba su dawo ba. Wakili ya ce ana ruwa sosai a tsaunin, an rufe wata hanya, zai bincika.

Mudir, shugaban ofishinmu, ya ja ni gefe. "Idi, kai ka tura su can?" Na ce ni ne. Ni baƙo ne daga Maraɗi, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, a hannun ofishin take, amma wallahi fuskar Hajiya kaɗai nake gani. Abdurrahman ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Duk wayar da ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka.

Ana kiran la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo. Direban ne. Da hanya ta rufe, sai ya kai su gidan mahaifiyarsa a wani ƙauye inda wayar hannu ba ta kamawa. Sai da ruwa ya tsagaita ya sauka da su gidan maƙwabci mai wayar gida ya kira.

Da aka haɗa mu da Hajiya, cewa ta yi, "Lafiya lau muke, na ci abinci, na sha magani. Tsohuwar nan ta hana mu tafiya."

Abdurrahman ya zauna a ƙasa yana kuka.

Ku da kuka fara aikin nan, ku koyi yankuna da kyau, amma ku tambayi wane ne direba, kuma ina zai kai mutane idan hanya ta ƙi. Iyayen wani kuke ba shi.