Kati na Sittin da Uku

A kasuwar Ƙonni, kusa da inda nake kasa albasa, wani dattijo yana tsugune gaban mai tsofaffin kaya. Rigarsa irin ta ma'aikatan siminti ce, ta koɗe har ta fi gemunsa fari. A cinyarsa akwai gwangwanin madara cike da katunan ƴan ƙwallo, irin waɗanda ake samu cikin cingam tun ina da haƙoran taunarsa. Ina ji yana gaya wa mai kayan cewa ɗari ne cif, na sittin da uku kaɗai ya rage masa. Mai kayan ya turo masa kwalin tsofaffin katuna, ya koma kan wayarsa.

Dattijon yana ɗaukar katin ɗaya bayan ɗaya, yana kai shi bakin hanci kamar mai sayen daddawa, don hakiya ta ci idon. Ina jin ko a gida sun gaji da karanta masa lamba.

Na ce, "Malam, jika kake nema wa, ko kai ne jikan?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini guda. "Hajiya, wanga lamba nawa?"

Na duba. Wani ƙato ne da gajeren wando, kusurwar katin a cinye.

"Shida dai na gani. Ta biyun, gara ta riga mu karantawa."

Ya karɓa, yana shafa gurbin da babban yatsa. Ya kasa mayar da shi kwali, ya kasa jefa shi gwangwani. Ni kuwa sai na koma gyara albasata.