Falankina da Saƙon Baba

Ni mutumin Azare ne, kuma kowa ya san tsakaninmu da teku sai a talabijin. Ruwan da na sani kafin in bar gida shi ne na kududdufin bayan unguwarmu, wanda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Da na samu aiki a wani otal a Lusail da ke gefen Doha, ina jera kujerun bakin ruwa ina raba tawul, sai na ce to, yau ga ni ga teku. Ashe tekun Doha a kwance yake kamar ruwa a faranti. Ba ya tashi, ba ya faɗa, sai zafi da gishiri.

Wanda ya jefa ni cikin wannan masifa abokin aikina ne, ɗan Sirilanka. Kullum lokacin cin abinci sai ya tura min wayarsa in kalli 'yan garinsu tsaye a kan falanki, igiyar ruwa ta ɗauko su tana gudu da su zuwa gaɓa. Da farko dariya na yi, na ce waɗannan ba su da aikin yi. Ranar wani hutunmu ya ja ni wurin wasan ruwa inda inji ke turo igiya, ya ɗora ni a kan falanki. Na faɗi, na sha ruwa, na sake faɗuwa, wandona ya kusa barina a gaban jama'a. Amma akwai wani ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido ba, da na ji ruwa ya ɗauke ni. Shi ke nan, na kamu.

Daga nan na zama wani iri. A motar kamfani daga masaukinmu a Ain Khaled zuwa Lusail, mutane na gyangyaɗi ko suna kiran gida, ni ina duba waya in ga yadda iska ke kaɗawa a gaɓar ƙasar da ban taɓa takawa ba. Na san watannin da igiya ke zuwa garin abokina, da watannin da take komawa ɗaya gefen tsibirin nasu. Na sayi tsohon falanki a hannun wani Bature da zai koma gida, na jingine shi bayan gadona. 'Yan ɗakinmu suka samu abin yi. Wannan ya ce ƙofar gidan wa na ciro, wancan ya shanya singiletinsa a kai. Ban kula su ba. Bizar zuwa Sirilanka kuwa sai da ta kusa fitar min da furfura, har sai da yayan abokina ya tsaya min a can aka ba ni. Na roƙi manaja ya ɗaga hutuna ya dace da lokacin igiya, ya ja rai, ya ja rai, daga baya ya ce khalas, wato shi ke nan, jeka.

Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne saƙo. A wurinmu, in mutum ya ce hutunsa ya fito, babu mai tambayar ina za shi. Gida mana, ina kuma? Kuma akwatin mai tafiya ba nasa ba ne shi kaɗai. Wata Juma'a muna cin shinkafa a tire ɗaya bayan an sauko daga masallaci, bakina ya suɓuce na ce hutuna ya fito. Kafin in haɗiye lomar, an fara. Wannan yana da waya da za a kai wa matarsa, wancan turare da dabino, wani abaya. Na buɗe baki in ce ba gida za ni ba, sai na ji nauyin maganar. Ta yaya ƙato kamata zai ce ya ƙi zuwa Najeriya zai tafi wata ƙasa wasan ruwa? Na ja bakina na yi shiru, ledoji suka fara taruwa a kan gadona.

Ana cikin haka Baba ya zo. Dattijo ne mai gadi a wani gini a unguwar Nu'aija, mutumin wani ƙauye da ke kusa da garinmu, shi ya sa yake kirana ɗansa. Shi ke jan mu sallah in mun taru, shi ke raba faɗa, kuma ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Ya yi sallama, ya zauna a bakin gadona, ya ɗora wani ƙunshi a cinyarsa ya warware a hankali. Farin yadi ne a ninke.

Ya ce, "Ɗana, likkafanin tsohuwata ne. Da na je Umara a mota na saya, na jiƙa shi da zamzam na shanya. Ita ta roƙe ni tun ina gida. Ta tsufa ƙwarai, kullum na kira sai ta tambaya ko ya taso. Hutuna sai baɗi, kuma ba na son in sa shi a kagon jirgi, an taɓa ɓatar min da kaya. So nake a miƙa mata hannu da hannu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Falankin nan yana tsaye a bayansa, kansa na kusa taɓa shi. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni ba gida za ni ba." Na gaya masa komai, ina magana ina jin yadda take fita ba daɗin ji: teku, igiya, biza, lokacin da ba ya jira. Ya saurara har na gama. Ya waiga ya dubi falankin, ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Au, wannan abin ne? To ba komai. Allah ya kai ka lafiya. Wani zai tafi bayan Sallah, sai in ba shi." Ya ninke yadinsa, ya ɗaure, ya yi min addu'a ya fita.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sauran kam ba su raga min ba, kowa ya zo ya ɗauki ledarsa yana tsaki, wani ya ce Doha ta haukata ni. Su dai na iya da su, har na rama. Na ce hutuna ne, gumina ne, ban ci na kowa ba, kuma ni ba gidan waya ba ne. Gaskiya na faɗa, har yau ban janye ba. Amma duk lokacin da na tuna yadda Baba ya ninke yadin nan, sai gaskiyar tawa ta ƙi zauna min a ciki. Na duba ko zan iya raba hutun biyu, bai yiwu ba. Ko in ce ban matsa sosai ba, don na san abin da nake so.

Na tafi. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Tekun can yana da rai, tun daga nesa kake jin rurinsa. Kwanakin farko duka na sha, ruwa ya nannaɗe ni ya maka ni da yashi, gwiwoyina suka sassale. Wata safiya kuma igiya ta zo daidai, na yi iyo da hannuwa, na miƙe, sai ga ni tsaye. Ni, ɗan Azare! Na yi ihu da Hausa, babu mai jina sai kifi. Na fito ina rawar jiki don murna, na sayi kwakwa, na zauna a inuwa na kunna waya don in tura wa 'yan ɗakinmu hoto su ji haushi.

Saƙon yana can sama a zaurenmu na waya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, mahaifiyar Baba ta rasu jiya da asuba, an yi jana'iza. Na ajiye kwakwar. Na san da wane yadi aka rufe ta: wanda aka aika aka yanko a kasuwa da gaggawa. Nata yana Nu'aija a cikin akwati. Na lissafa a raina, da gida na tafi da tuni na kai mata, da ta taɓa shi da hannunta. Na kira Baba, wayar ba ta shiga ba, kuma Allah ya sani na ji sanyi da ba ta shiga ba. Abin da ya fi damuna har yanzu shi ne washegari. Na tashi, na ga igiya ta yi kyau, na ɗauki falankina na koma ruwa.

Da na dawo Doha ban ko kwance kaya ba na nufi Nu'aija. Na same shi a ɗakin gadi da rana tsaka, na'urar sanyi na ƙara, ya rame. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Na fara cewa, "Baba, da na sani..." Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma yadi ba ya kai kowa Aljanna. Sa'an nan ya tambaye ni ya ruwan, ko na iya tsayawa a kan abin. Da gaske yake tambaya, har da ɗan murmushi. Na ce na iya.

Na tashi zan tafi ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, yadin nan na bar wa kaina. Yana ƙasan akwatina, cikin koriyar leda. In ta Allah ta kasance ina ƙasar nan, ka san mutanen kamfani ba za su tsaya bincike ba. Kai kaɗai na gaya wa."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Yalla, jeka ka huta, ka sha hanya."