Ni na koya wa Inna hana shi ruwa

Ƙanena ya tashi da ciwon suga tun yana makarantar allo. Kafin ya cika talatin ciwon ya cinye masa rabin gani, sannan ya gangara kan ƙoda. Shekara huɗu muka yi muna kai shi wankin ƙoda, daga gidanmu na Argungu zuwa Birnin Kebbi inda nake koyarwa. Mai irin wannan lalura ba ya fitsari, duk abin da ya sha yana nan cikin jiki. Don haka aka yanka masa ruwa kofi biyu a yini, a garin da rana ke gasa mutum har cikin ɗaki.

Inna ba ta iya ganinsa yana lasar leɓe. Wata rana ta dama masa fura cike da ƙwarya, ta ce ai fura ba ruwa ba ce. Washegari muka kwashe shi yana numfashi da ƙyar, ruwa ya hau masa huhu. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin baki. A barandar asibiti, gaban mutane, na dubi uwar da ta haife ni na ce, "Inna, in kin ƙara ba shi ruwa, ke kik kashe shi." Daga ranar ta mayar da randa ɗakinta, ta zama mai gadin ruwa, ko ni sai na yi bayani kafin in ɗiba. Na ji daɗi a lokacin, ina ganin na gyara gida.

Da dangi suka tsaya aka samu hanyar fita ƙasar waje, ni na raka shi. Bayan dogon jira aka yi masa dashe biyu a aiki ɗaya: ƙoda, da wani ɗan nama na cikin ciki mai daidaita suga, wanda likitoci ke kira fankiriyas. Likitan ya zaunar da ni ya ce wannan naman ɗan lele ne. Tun a ɗakin tiyata suna auna ruwan da suke ƙara masa, domin in ya yi yawa naman zai kumbura, in ya yi kaɗan jini zai yi kauri ya daskare a jijiyarsa, naman ya mutu. Kwanakin farko kuwa kowace awa sai ma'aikaciya ta tsuguna ta duba jakar fitsari, ta rubuta, ta gyara gudun ƙarin ruwa. Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsarin wani ba, amma na yi, har da hawaye.

Da za a sallame mu aka ce ya riƙa shan ruwa sosai, kusan lita uku, ya ƙara in ana zafi. Muka dawo ana tsakiyar bazara, ba allurar insulin, ba wankin ƙoda. Gida ya cika da 'yan barka. Ina tsaye da jaka a kafaɗa, mota na jirana, na ce wa Inna, "Yanzu fa a ba shi ruwa da yawa." Ta ce to. Shekara huɗu na yi ina dasa mata tsoro, na zo da jimla ɗaya na ce ta tumɓuke shi. Na bar mata takardar asibiti da ba ta iya karantawa, na koma bakin aiki.

Sati na uku ƙafafunsa suka ɗan tasa, abin da aka riga aka faɗa mini zai iya faruwa, ni kuma ban faɗa wa kowa ba. Inna ta danna yatsa a idon sawunsa ta ga ya lotsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Randa ta koma ɗaki. Shi kuma ba ya gani sosai, ba ya musu da Inna, kuma ƙishirwa ta daɗe da zama abokiyar zamansa. In na buga waya na tambaya, sai ya ce, "Ina sha, Yaya." Bai yi ƙarya ba. Kofi biyu yake sha.

Sai gudawa ta same shi kwana biyu. Ranar Talata da hantsi ƙanwar Inna ta kira ni ina cikin aji, ta ce yana riƙe da ciki yana nishi. Da suka iso Birnin Kebbi harshensa ya bushe ƙamas, ma'aikaciyar jinya ta soka masa allura sau huɗu kafin ta samu jijiya. Aka auna suga, ya hau inda bai hau ba tun kafin dashen. Na san me wannan ke nufi tun kafin likita ya buɗe baki. Aka tura mu babban asibiti a wani gari, can aka tabbatar jini ya toshe jijiyar, naman ya mutu, aka sake buɗe shi aka cire. Ƙodar ta sha wuya amma ta tsira.

Na dawo na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zo da baki cike da faɗa. Na ce, "Ba na ce a ba shi ruwa ba?"

Ba ta ɗago ba. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Ke wagga, kin ce. Amma sadda kic ce a hana shi, kuka kike. Sadda kic ce a ba shi, sauri kike. Ni ko na ga ƙahwa ta kumbura. Wace magana kika so in riƙe?"

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Yana nan da rai, ya koma kan allurarsa safe da yamma, bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Inna kuwa tun ranar ba ta ƙara ba shi ruwa da hannunta ba. Ni ce nake zuwa duk ƙarshen mako in cika masa robobi in jera kusa da shimfiɗarsa. Wani zuwa da na yi ina zaune, robarsa ta ƙare, ya ce, "Inna, taimaka min da ruwa." Tana kusa da shi, ta miƙa hannu ma za ta taɓa shi. Ta dubi hannayenta, ta tura su ƙarƙashin zane, ta leƙa ta katanga ta kira matar maƙwabcinmu ta zo ta ba shi.