Tarin Ladan

Tun masallacin layinmu na unguwar Bukoki yana rumfar zana mijina ke kiran salla a cikinsa. Daga ƙasar Tawa muka zo Yamai, shi da allurar ɗinkin hula, ni da kaskon ƙosai, kuma ba a daɗe ba aka gane Allah ya ba shi maƙogwaro. Ba a biyansa, bai taɓa nema ba. In ya ja "hayya alal falah" da numfashi ɗaya yake kai ta gida, har mai kaya a ka yakan sassauta tafiya ya ji inda za ta sauka. Muka haifa, muka aurar, muka ga jikoki, muryar nan tana bisa kanmu. Daga baya wani Alhaji mai sayar da siminti, wanda gidansa ke jingine da masallacin, ya sa aka yi gini, ya sayo mikoro da amsa-kuwwa aka ɗaura a kan ƙarfe. Tun daga ranar, duk abin da ya fito bakin Malam, mijin nawa, unguwa duka ke ji, mai daɗi da marar daɗi.

Wata damina ruwa ya tare shi a hanyar masallaci. Ya ƙi komowa ya sake riga, ya yi kira ya yi salla a jiƙe. Mura ta kama shi, ta sake shi, ta bar masa tari. Tarin kuma bai tsaya a wuya ba, ƙirji ya sauka. In na matso kusa da shi sai in ji ciki yana tafarfasa kamar talge a kan wuta. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, sannan kaki ya fito mai kauri, ya samu sarari.

To, mikoro ba ta san kunya ba. Yana tsakiyar kira tari ya sarƙe shi, amsa-kuwwa ta ɗauka ta watsa har bakin kasuwa. Yara suka mai da abin wasa. Mata a bakin famfo suna ce mini yanzu ba su tashi da kabbara, da tarin Malam suke tashi. Na yi dariya tare da su, don ba da mugunta suka faɗa ba.

Alhaji shi bai yi dariya ba. Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofarmu, ya miƙo kwalbar siro, maganin tari na ruwa, a cikin leda, ya ce kyauta ce, mai ƙarfi ne, cokali ɗaya tari ya kwanta. Haka kuwa aka yi. Malam ya sha, tari ya yi tsit kamar an rufe rijiya. Mutane suka yi ta sa wa Alhaji albarka, wai ga mai kula da tsofaffi. Har ni na aika masa da ƙosai mai zafi.

Su da ke waje shiru suka ji, suka ce lafiya ta samu. Ni da ke ɗaki ɗaya da shi na san talgen nan bai daina tafasa ba, murfi aka ɗora masa. Malam ya koma gyangyaɗi a kan tabarma da hula a hannu, allura na zamewa. Tuwo ya ci loma biyu ya ture. "Hayya alal falah" ɗin da yake kaiwa da numfashi ɗaya ta koma yana yanka ta a tsakiya. Babu wanda ya lura a cikin sahun nan duka, mutanen da suka girma a ƙarƙashin muryarsa. Tunda dai ba a yi musu tari a kunne ba, shi ke nan.

Da kwalba ta ƙare ya ce in je in samo irinta. Ni ban san baƙi ba, ban iya karanta sunan magani, don haka yadda na saba na yi, na ƙulle kwalbar a gefen zane na tafi farmasin bakin titi na ajiye ta a kan kanta. Mai sayarwa wata Bazabarma ce, ba ta kai ƴata ta fari ba. Ta ce mini fofo, sannu ke nan da Zabarmanci, ta juya kwalbar, sai ta tambaye ni da Hausarta mai ɗingishi ko tarin busasshe ne ko mai kaki. Na ce tari ai tari ne. Ta ce a'a, in kwatanta mata. Nan a gaban mutane na dafe ƙirji na yi mata tarin Malam, daga gurnanin farko har kakin ƙarshe. Wani direba da ke bayana ya ce a ba Inna kujera kada ta faɗi. Ita ba ta yi murmushi ba.

"Inna, wannan na busasshen tari ne. Hana tari yake yi. Mai majina a ƙirji in ya sha, majinar ba ta da hanyar fita, sai ta zauna."

Na tsaya ina kallon kwalbar. Ta ɗauko wani siro daban, ta ce wannan shi ke tsinka majina ta taso, amma in sani tarin zai ƙaru kafin ya ragu. Ta nuna mini iyakar da zan cika murfin awo, ta ce ya yawaita ruwan ɗumi. Ta ce in jiki ya yi zafi, ko numfashi ya gagara, ko na ga jini, kada in komo wurinta, dispansar, ƙaramin asibiti, zan kai shi, kuma in da so samu ne ma yau.

Na dawo ina tafe ina magana ni kaɗai. Na ba shi, ya sha. Kafin magariba ƙirji ya buɗe. Abin da ya fito cikin gwangwanin yashin da na ajiye masa, ba zan faɗa ba, wani na iya kasancewa yana cin abinci. Na ce alhamdu lillahi. Shi kuma ya tafi kira, tari ya kama shi tun kabbarar farko, ya ƙarasa da ƙyar.

Gari na wayewa ga wata leda daga gidan Alhaji, da kwalba irin ta farko, da saƙon wai kada Malam ya yi wasa da magani.

Nan muka yi ta. Na faɗa masa abin da aka faɗa mini a farmasi, ya ce yarinya ce, me ta sani. Na ce shi mai siminti a wace lakwal, wace makaranta, ya karanta ƙirjin mutum? Ya ɗauki na Alhaji ya kurɓa ko cokali babu, ya tura nawa ƙarƙashin gado. Sai da na matsa masa sannan ya fito da abin da ke ransa. Akwai wani tela mai zaƙin murya da ke tsayawa kusa da mikoro kullum, Alhaji na yabonsa. Ranar da ya fasa kira sau ɗaya, ya ce, ranar za a miƙa wa tela.

"To a miƙa masa mana. In ka mutu wa za a miƙa wa?"

"In na mutu ina ladan, na mutu da abina."

Na ce da ni fa, da wa zai bar ni? Ya gyara hula ya fita.

Ba a jima ba zazzaɓi ya zo. Ya kwanta yana numfashi sama-sama, yana dafe haƙarƙari, kuma lokacin azahar na yi ya dafa bango zai tashi. Ban hana shi ba, na san ba ya hanuwa. Yana fita na yafa mayafi, na ɗauki kwalbar Alhaji, na nufi shagon siminti.

Na same shi a kujera, ƴan dako na loda buhuna. Na dire kwalbar a gabansa na tambaye shi me ya ce wa wanda ya sayar masa. Ya ce abin da kowa zai ce, a ba shi mafi ƙarfi, wanda zai kashe tari nan take. Na ce ya tambayi Malam irin tarin da yake yi? Ya taɓa zama kusa da shi ya saurari ƙirjinsa? Ya ce, Inna, taimako ya yi, mutane ne ke kuka, baƙinsa ma sun yi magana, kiran salla ba abin wasa ba ne.

"Kunnenka ka yi wa magani, Alhaji. Ƙirjin mijina ko kallonsa ba ka yi ba."

Ƴan dako suka tsaya da buhu a kafaɗa. Ya ce in yi haƙuri, in rage murya. Na ce ni ba ni da amsa-kuwwa, iyakar abin da Allah ya ba ni ke nan.

Daga nan gidan liman na wuce. Ban taɓa tsayawa a zaurensa ba sai ranar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce roƙo ya kawo ni, ya hana mijina kira har ya warke, kuma ya faɗa masa da bakinsa, don maganarsa kaɗai zai ji. Liman ya tambaye ni ko na san abin da zai iya biyo baya. Na ce na sani.

Da la'asar muryar tela muka ji. Malam na kwance, ya juya fuska bango. Da ɗanmu ya zo da taksi Malam bai yi gardama ba, ba abin da ya rage masa da zai tsare. A dispansar aka saurari bayansa aka ce sanyi ya kama huhu, da mun ƙara jinkiri da sai babban asibiti. Aka yi masa allurai, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya ci gaba da siron da na sayo. Na janyo shi daga ƙarƙashin gado na goge masa ƙura. Ya yi tari a gidan nan har maƙwabta suna leƙowa, ni kuwa ina zubar da yashi ina sake wani, ina dafa ruwa. Yana karɓar murfin awo daga hannuna ba tare da ya dube ni ba.

Ya warke sarai. Ranar da ya ji ƙarfi ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tafi tun kafin lokaci. Ya tarar da tela riƙe da mikoro. Aka tashi aka ba shi wuri a sahun gaba, aka ce Malam ya yi wa addini hidima, yanzu ya huta. Alhaji ne ya fara faɗa, sauran suka amsa. Ba wanda ya ce ko asuba a bar masa.

Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce mini, "Hankalinki ya kwanta?"

Na ce ya kwanta.

Bai gode mini ba har yau, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Yana nan, yana cin tuwonsa ya suɗe kwano, yana ɗinka hularsa. In tela ya yi kira yakan ce ya gaggauta, ya haɗiye harafi. Alhaji kuwa kullum ta gaban kaskona yake wucewa. Amsa sallama wajibi ne, ita nake amsa masa. In ya ɗora da ina gajiya, ina mai jiki, sai in juya ƙosaina.