Motar da na kashe da tsayuwa

Shekara uku na yi ina kwana a cikin mota a unguwar Highbridge a Amurka, kuma ba ƙaramar mota ba. Gida ce sukutum: gado, murhu, banɗaki, ga injin dizal mai turbo a bayanta. Na saye ta tsohuwa lokacin da aka tashe ni daga gidan haya. Na ce da kaina, ni da na yi shekara goma sha biyu ina jan tirela daga Kano zuwa Legas, ai sai na zaga Amurka. Ƙarya nake yi wa kaina. Aikin gadina yana Harlem, kwana shida a mako.

Tsawonta ne ya ɗaure ni. Duk unguwar wuri ɗaya ne ke ɗaukarta, gindin wata katanga a kan gangare. Sau biyu a mako motar shara ke zuwa, dole kowa ya kawar da motarsa. Sai in tayar da ita, in tsallaka ɗaya hannun, in zauna injin na gurnani har a share, in koma da sauri kafin wani ya shige. Tafiyarta ke nan, taku ashirin.

Da ta fara baƙin hayaƙi na kira wani makanike ɗan zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare. Ya leƙa, ya sa yatsa a bututun hayaƙi, ya fito da shi baƙi ƙirin.

"Alhaji, kai ke kashe motan nan," in ji shi. "Da can masu fetur ake yi, su ga tudu su yi ta nishi. Shi ya sa aka ɗauko injin manyan motoci aka sa musu, turbo na hura masa iska ya hau dutse da gida a bayansa. Kai ka ɗaure shi, toka ta cika shi. Ka hau babban titi ka yi awa biyu kana gudu, ya ƙone dattin."

Na ji haushi, don na san gaskiya ya faɗa. Ni direba ne, wai sai an koya mini. Amma in na tafi awa biyu, wa zai riƙe mini wurin? Akwai wani mai motar ɗaukar kaya da ya daɗe yana hararar gindin katangar nan. In na rasa shi ban san inda zan kai gadona ba. Kullum sai in ce Lahadi mai zuwa. Lahadi ta zo, in riƙe makulli, in leƙa titi, tsoro ya kama ni, in mayar da shi aljihu.

Wata Talata da safe na tayar da ita, ta yi tari ta mutu a tsakiyar titi, rabi nan rabi can. Motar shara na bayana tana oda. Na yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare. Kafin azahar janwe, mai jan motoci, ya zo.

Masu janwen sun bar ni na ɗauki darduma da jakar takarduna. Na tsaya ina kallo aka ja ta, ta gangara, ta hau babban titin da na hana ta shekara uku. Da na waiwaya, mai motar kayan har ya gama gyara tsayuwa a gindin katangar.