Yaron Masar da Keken Idi

A Jidda ba a hura wuta don jin ɗumi, gari ne da ko iskar teku ta taso sai ta iso maka da gumi. Amma kakata, wadda muke kira Sitti, ba ta buɗe baki da labari sai ga kaskon gawayi a gabanta, butar shayi a kai. Ta ce shayin gas na masu gaggawa ne, ita kuwa babu inda za ta. Gidanmu a unguwar Nuzla yake, ɗakuna ƙanana a matse, saboda haka da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu kwashi tabarmi mu hau saman bene. Can ne ake samun iska, can ne kuma ake hango fitilun jiragen ruwa suna jiran shiga tasha. Ni ne babba a jikoki maza, don haka ni ne "maigidanta", kuma ni take sa wa fifita gawayi, wai mijin da ba ya kawo cefane ai sai ya yi firfita.

Sitti ba ta fara labari yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta tafa hannu ta ce, "Yalla, an kashe fitila." Mu kuma mu amsa, "Bango ya yi haske." Ba mu san ma'anar wannan ba, mun ɗauka haka kowace kaka take yi. Tana da labarai da yawa, na aljanun rijiya da na matafiya, amma wanda muka fi roƙo shi ne na Yaron Masar.

Yaron Masar dai mutum ne na gaske. Mawaƙi ne da ya yi tashe tun bai fara aske gemu ba, ya kuma fito a finafinai, 'yan mata suna kuka in sun ji muryarsa a rediyo. Yana da sunansa na yanka, amma a gidanmu ba a taɓa kiransa da shi ba. An san shi da abu uku: tsagar gashi a gefen hagu, farin hankici ɗaure a wuya, da kwat rataye a kafaɗa ɗaya kamar wanda ya fasa sawa. Har na girma waƙoƙinsa suna tashi a motocin haya da gidajen biki, kuma in ka shiga shagon aski ka ce a yi maka irin tasa tsagar, ba a tambayarka ta wa.

A labarin Sitti shi ɗan masunci ne, mai muryar da in ya rera waƙa a bakin ruwa kifaye kan ɗago kai su saurara. Yana son wata yarinya da ke leƙowa ta tagar bene, amma ba shi da abin da zai kai gidansu, sai ya shiga jirgin ruwa neman arziki. Ranar tafiya ya tsaya a bayan jirgi yana waƙa, ya kwance hankicinsa yana kaɗawa, yarinyar na tsaye a tasha har jirgin ya zama ɗan ɗigo. Daga farko zuwa nan labarin ba ya taɓa canzawa, ko kalma ɗaya. In ɗayanmu ya yi gaba da baki sai ta ce, "Kai, ni na gani ko kai?"

Daga tashin jirgi kuwa, kullum da sabuwar hanya. Wata rana babban kifi ne zai goyo shi ya dawo da shi. Wata rana teku ce za ta daskare ta zama kamar gilashi, ya tako a kanta da takalmansa a hannu, taurari na haske a ƙarƙashin ƙafarsa. Wata rana ya ɓuya cikin ayarin alhazai, ba wanda ya gane shi sai da ya yi tari. Muna kwance muna kallon sama, hayaƙin gawayi da ƙanshin na'ana'a suna yawo a kanmu, har ka rasa ko idonka biyu ko ka fara mafarki. Amma ko ta wace hanya ya biyo, ƙarshensa ɗaya ne: zai shigo unguwa a kan keke, da wani faffaɗan gwangwani ɗaure a baya, yana kaɗa ƙararrawa. Mun sha tambayarta me ɗan masunci yake yi da keke, me ke cikin gwangwanin. Sai ta zuba shayi ta ce, "Khalas, shi ke nan, an kunna fitila, kowa ya kama gabansa."

Amsar ta zo mini ne lokacin da na fara jin kaina saurayi. Na je unguwar Sharafiyya aka yi mini tsagar Yaron Masar, na sami farin hankici na ɗaura a wuya, na hau saman bene ina taƙama don maigida ya burge uwargida. Ina jiran ta yi mini tsiya kamar kullum. Sai na ga ta tsaya da buta a hannu tana kallona, shayi na zuba a tabarma ba ta sani ba. Ranar ba a yi labari ba. Na ji kunya ta rufe ni ba tare da na san laifina ba.

Da safe mahaifina ya kira ni ya faɗa mini dalili. Iyayen Sitti sun zo aikin Hajji ta ƙasa, suka zauna, a nan aka haife ta ita da yayanta Idi. A zamaninsu babu gidan sinima irin na yanzu. Fili ne mai katanga, a shafe bango ɗaya da farin fenti, a jera benci, a kafa injin haska fim. Maza su biya su shiga, 'yan mata su hau benayen maƙwabta su leƙa kyauta. Fim kuwa a gwangwanaye yake zuwa, kashi kashi, kuma filaye biyu kan raba fim ɗaya a rana ɗaya: wancan ya riga farawa, duk gwangwanin da ya ƙare a can sai a garzayo da shi nan. Aikin Idi ke nan, shi da kekensa. Kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi kwaikwayon Yaron Masar, tsaga da hankici da kwat ɗin aro, har ana kiransa da sunan.

Ranar da aka kawo sabon fim ɗin mawaƙin, Idi da kansa ya nema wa ƙanwarsa wuri a saman benen da ya fi kallon bangon. Ta kalla har inda jirgi ya tashi, gwangwani ya ƙare, bango ya yi fari. Saura na ƙarshe. Mutane suka jira, suka yi ta fito, suka gaji suka watse. Ashe a hanya Idi ya faɗa hannun masu kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, shi da keken da gwangwanin. Aka sa shi a jirgin ruwa zuwa ƙasar iyayensa da bai taɓa gani ba. Sau ɗaya wani ya ce ya gan shi a wata tashar jirgi a ƙetaren teku, daga nan shiru. Sitti ba ta ga tafiyar yayanta ba, jirgin da ta gani yana tashi a ranar shi ne na jikin bango.

Na aske tsagar a ranar. Labari ya dawo saman bene, na ci gaba da fifita gawayi, amma na daina tambayar keke.

Shekaru suka tafi. Na buɗe shagon gyaran waya, na yi aure, Sitti ta tsufa har hawa bene ya gagare ta. Yaron Masar ya daɗe da rasuwa, amma sai ga shi ya sake tashe, yara sun ɗora wa tsofaffin waƙoƙinsa sabon kiɗa suna rawa a waya, tsagarsa ta dawo kan samari. Wata jikanya ta gaya wa Sitti cewa yanzu babu fim ɗin da ba a samu a waya. Da na je gaishe ta sai ta kama hannuna ta ce, "Maigida, tunda ba ka taɓa yi mini cefane ba, ka nemo mini ƙarshen fim ɗin nan kafin in tafi."

Nemo shi bai yi wuya ba. Na zauna a shago na kalle shi ni kaɗai, kuma na yi da na sani. A fim ɗin yaron bai dawo ba. Yarinyar ta jira har ta gaji aka yi mata aure, shi kuma aka nuna shi a wata tasha mai nisa yana waƙa shi kaɗai, sai rubutu ya hau. Babu kifi, babu teku mai gilashi. Na yi kwanaki ina kauce mata, yau in ce ba a samu ba, gobe in ce ba ya buɗewa. Tsoro nake ji in karɓe mata abin da ta yi shekaru tana riƙe da shi. Amma Sitti ba a yi mata wayo, ta aiko a gaya mini in ba zan iya ba za ta sake miji.

Na je bayan magariba. Na hura gawayi a tsakar gida kusa da gadonta, na jingina wayar da butar shayi, na ce, "Sitti, an kashe fitila." Ta yi murmushi ta ce bango ya yi haske. Idonta ya yi rauni, sai da ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Tana riga 'yan fim faɗin abin da zai faru, tana bin waƙoƙin a hankali da Larabcinta na 'yan mata. Da mawaƙin ya fito da tsagarsa ta ce shi ma dai ya iya, amma bai kai Idi iya ɗaura hankici ba. A haka har fim ya iso tasha. Ya tsaya a bayan jirgi, ya kwance hankici, jirgin ya fara ja da baya.

Sai ta ɗora tafin hannunta a kan wayar ta rufe ta.

"Kashe, maigida."

Na ce, "Sitti, ai yanzu ne za a shiga na ƙarshen."

Ta ce, "Na sani. Na ƙarshen yana hannun Idi. Shi aka aika, shi zai kawo."

Na kashe. Ta sa na zuba mata shayi, ta kurɓa, sannan ta ba ni sauran labarin da kanta. A wannan karon iska ce ta ɗauko shi a cikin kwat ɗinsa ta sauke shi a bakin Nuzla, inda kekensa ke jingine yana jiransa.

Ba ta sake tambayar fim ɗin ba har Allah Ya karɓi abarsa. Na daɗe ina tunanin ko ta karanta ƙarshen a fuskata, ko kuwa dama jirgin kawai take son sake gani. Ban sani ba. Da ina yaro na ɗauka labarin wani mawaƙi take ba mu, ashe aron fuskarsa ta yi don ta riƙa dawo da yayanta gida, a gaban jikokin da ba su san shi ba.

Yanzu ɗana ne ke yawo da tsagar, yana ganin su suka ƙirƙiro ta. Yarana sun fi jin Hausa fiye da yadda suke mayarwa, amma in na hura gawayi na ce an kashe fitila, sun san amsar. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta katse ni a daidai tashin jirgi, ta ce za ta duba a waya ta ga ko ya dawo. Na karɓi wayar na kifa ta a tabarma. Na ce mata ta yi shiru ta saurara da kyau, ga ƙararrawar keke can ta shigo layinmu.