Inoussa Mai Walda da Motar Gawa ta Djougou

Da ya dawo daga sallar asuba, Inoussa Ɗanbala yakan share daɓen garejinsa na unguwar Titirou a Parakou da kansa, ya ɗauko alli da ma'auni. Ba ya kunna injin walda sai ya zana motar da zai ƙera a ƙasa, daidai girmanta: inda taya za ta zauna, inda tankin mai zai koma, inda za a yanka ƙarfen shasi. Idan zanen ya kammala, sai ya tuɓe takalmi ya kwanta a tsakiyarsa, ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Masu wucewa sun saba, sun daina tambaya. Motocin da Inoussa yake ƙerawa na ɗaukar gawa ne.

A watan nan ya ajiye aiki bayan shekara talatin da huɗu, don hasken walda ya cinye masa ido. Bakwai daga cikin motocin da ya gyara suna aiki a masallatan Parakou da kewaye. Labarin ta ƙarshe, wadda ya yi wa kwamitin jana'iza na wata unguwa a Djougou, shi ne ya sa aka rubuta wannan.

Mutanen Djougou da yawa a asibitin Parakou suke cikawa, kuma dangi suna so a binne su a gida a ranar. Tafiyar ta fi kilomita ɗari da talatin. Shekara da shekaru a bayan bashe ake kai su, wato a-kori-kura irin ta ɗaukar doya. Bayanta ya kai santimita casa'in daga ƙasa, masu ɗaukar makara kuwa duk sun tsufa. A daminar 2022, a ƙofar wani gida, hannun ɗayansu ya gaza wajen saukewa. Makarar ta karkace, gawar ta zame har ƙafafunta suka taɓa ƙasa a gaban 'ya'yan mamacin.

Malam Aboubacar, shugaban kwamitin, yana riƙe da ɓangaren kai a ranar. Bayan mako biyu ya iso Titirou da wata tsohuwar bashe.

"Ka sauko mana da ita, Inoussa," ya ce. "Ba zan sake kallon abin nan ba. In ya kuma faruwa, na bar aikin, kuma babu mai karɓa."

"Baba Malam, in ta sauko da yawa, cikinta zai ci hanyar ƙauyukanku irin su Sérou. Kun san jar ƙasar nan bayan ruwa."

"Da mun san yadda za a yi, da ba mu zo maka ba."

Kwana tara ya yi yana zane yana gogewa. Ya yanke shasin daga bayan mazaunin direba, ya ƙara masa tsawon santimita arba'in don makara ta shiga a rufe ƙofa. Ya tanƙwara ƙarfen ya hau ta kan sandar tayoyin baya, ya matsar da tankin mai gefe, daɓen ya sauko zuwa santimita hamsin da biyar, ba tare da abin da ke ƙasan motar ya ƙara kusantar hanya ba. Sannan ya cire ƙarafa uku daga sifirin kowane gefe. Bayaninsa gajere ne: an yi sifirin bashe ne don nauyin tan guda, mutum kuwa bai kai buhun masara ba, shi ya sa gawa take tsalle a baya kamar ba kowa ba ce.

Wannan duk lissafi ne, wani ma zai iya. Abin da ya biyo baya ne mutanen Sérou suke faɗa har yau.

Wata Laraba da hantsi, a Djougou, ya sa aka kawo makarar masallaci. Ya hau ya kwanta, ya ce a lulluɓe shi kamar yadda ake yi, a ɗaure, a rufe ƙofa. Rachidou direba ya tsaya da makulli a hannu.

"Maigida, a sa buhun yashi mana. Wallahi jikina ya yi sanyi."

"Yashi zai gaya maka inda ya ji zafi? Tuƙa yadda ka saba, ban da doucement, kar ka lallaɓa."

Rachidou ya ce tun daga kasuwa mutane suka fara miƙewa tsaye. Masu shayi suka ajiye kofuna. Wani mai babur ya juya ya biyo su, sai wani, sai wani, don wanda ya ga jana'iza ba ya tambayar ta wace ce kafin ya bi. Da suka hau jar hanya, ya ƙirga babura goma sha tara a madubi, babu mai hon, babu mai magana. Daga bayan motar kuma ba ya jin komai, ko tari. Sau biyu ya kira sunan Inoussa ta ƙaramar taga, ba amsa.

A gindin wata bishiyar mangwaro a Sérou ya tsaya ya buɗe ƙofa. Mutanen suka matso don su karɓi makara. Mayafin ya motsa. Wasu suka ja da baya, wani dattijo ya zauna a ƙasa yana salati. Da aka kwance shi, Inoussa ya zauna, ya dubi jama'a ya ba su haƙuri, sannan ya juya ga direba.

"A kwalbatin nan na biyu kaina ya bugu. Gefen hagu ya fi tauri. Mu koma."

Labarin ya riga shi isa Parakou. Matarsa Zinatu ta karɓi gaisuwar mutum uku kafin ya shigo gida, kuma kwana huɗu ba ta yi masa magana ba. Sau biyu ya sake yin tafiyar, ba tare da mayafi ba, kafin ya miƙa makulli.

Kai ne, Inoussa, ka tuna cewa wanda ke kwance a baya ba ya iya cewa a rage gudu. Kai ne ka ara masa bayanka da ƙeyarka. Na Zinatu, mai sa ƙarfe ya rusuna.

Gawar farko da motar ta ɗauka ta Hajiya Gaji ce, mai sayar da goro, wadda ta rasu a Parakou aka kai ta Sérou. Dattawa huɗu suka sa ta, ƙaraminsu yana da shekara sittin da takwas, kuma su huɗun suka sauke ta. Malam Aboubacar ya ce babu wanda ya taka taya don ya hau, babu wanda ya ce "riƙe, riƙe", kuma ya tarar da ɗaurin likkafanin yadda ya bar shi. Yana nan a kan aikinsa har yanzu.

Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran ganinka. Masu walda da makanikai da kafintoci kuwa, kafin ku ce aiki ya yi, ku shiga inda mai shi zai shiga, ku ji abin da zai ji. Da yawa daga cikin masu karanta wannan a Titirou da Djougou, a ɗaya daga motocin Inoussa za a kai su gida, kuma ranar ba za su sami bakin yi masa godiya ba. Gara mu yi masa ita yau.